Aminiyata tana jinyar sankara: in ɗauke 'yar riƙonta zuwa gidana?

Tambaya: Ni da aminiyata dukkanmu riƙo muka yi, ba mu haihu ba, kuma ta nan muka san juna shekara huɗu da suka wuce. Tata mace ce, shekararta 7, ta zo hannunta tana da shekara 3 bayan rasuwar mahaifiyarta. Nawa namiji ne, shekararsa 9. Watan jiya likitoci suka tabbatar wa aminiyar tawa da sankarar mama, har an fara mata kemo, wato maganin sankara mai ƙarfi da ake ƙarawa ta jijiya. Mijinta ya ce kada a gaya wa yarinyar komai. Ni kuma na ce zan ɗauke ta zuwa gidana har a gama magani, uwar ta samu ta huta. Tun da aka fara wannan zance yarinyar ta koma fitsarin kwance, ko banɗaki uwar za ta shiga sai ta bi ta. Me ya kamata in yi?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Na daɗe ina aiki da iyalan da suka ɗauki riƙo, kuma zan fara da abin da na san ba za ki so ji ba: kada ki ɗauke yarinyar. Na san da zuciya ɗaya kika yi tayin. Amma ko ɗan da aka haifa a gida ba na son a raba shi da uwarsa na watanni saboda jinya, balle wannan.

Duba abin daga inda take tsaye. Tana da shekara 3 uwa ta ɓace mata. Manya suka yi ta ƙus-ƙus, aka haɗa mata 'yan kayanta, ta wayi gari a wani gida da wata fuska. Ba lallai ta iya ba da labarin nan da baki ba, amma jikinta bai manta ba. Yanzu ga uwa ta biyu tana kwanciya da rana, ga manya sun sake rage murya in ta shigo, ga kuma wata mata mai kirki tana zancen ɗaukarta. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Fitsarin kwancen da bin uwa har ƙofar banɗaki duk magana ɗaya take yi da su: tana gadin uwarta kada a sake yi mata irin ta farko. In kika haɗa mata kaya yau, kin tabbatar mata da abin da take tsoro, komai daɗin gidanki.

Akwai wani tarko a nan da ya kamata ki sani. Wajen shekarun 1950, wasu masu binciken halayyar yara, James Robertson da John Bowlby, a Landan sun bi diddigin ƙananan yaran da aka raba da iyayensu a asibiti, har Robertson ya ɗauki hoton bidiyon wata 'yar shekara 2 a 1952 don likitoci su gani da idonsu. Abin da suka lura da shi hawa uku ne. Yaro ya fara da kuka da bore. In ya ga ba amfani sai ya yi laƙwas, ya daina nema. In abin ya yi tsawo sai ya saki jiki da kowa, ya ci, ya yi wasa, uwar ta zo ya kawar da kai kamar bai san ta ba. Ma'aikatan jinya na lokacin suna ganin shirun nan su ce yaro ya saba. Haka za a ce miki. Sati ɗaya a gidanki za ta daina kuka, ta riƙa taya ki aiki, kowa ya ce kin iya reno. Yaran riƙo da yawa sun ƙware wajen zama baƙi masu ladabi, domin sun taɓa koyon cewa zamansu a gida yana iya ƙarewa. Ladabin nan ya fi fitsarin kwance tayar mini da hankali.

Daga baya Robertson da matarsa Joyce sun karɓi wasu yara a gidansu na 'yan kwanaki lokacin da iyayensu mata suke asibiti. Sun fara sabawa da yaran tun kafin ranar, yaran sun zo da kayan wasansu da hoton uwa, uba yana zuwa dubansu, kuma damuwar ta zo da sauƙi ƙwarai. To, nan ne wurinki. Ranar da za a kwantar da aminiyarki don tiyata, ko wani dare da jiki ya rikice aka tafi asibiti, ke ce mutumin da ya dace. Amma in da hali, ke ki je ki kwana a gidansu, yarinya ta kwana a gadonta, ta tashi ta tafi makarantarta. In dole ce ta sa ta kwana wurinki, a gaya mata tun da wuri, a faɗa mata kwana nawa, wa zai zo ɗaukarta, kuma a cika alkawarin ko da ruwa ake da iska. Ƙaramar jaka ta isa. Kada a kwashe mata kaya daga ɗakinta.

Sai batun ɓoyewa. Ina jin tausayin mijin, don shi ma tsoro ne ya cika shi, kuma yana ganin yarinyar ta sha wahalar da ta isa. Sai dai abin ba ya ɓoyuwa. Yawancin magungunan kemo da ake ba masu sankarar mama suna zubar da gashi, kuma zubar takan fara sati 2 zuwa 3 bayan ƙarin farko. Ga amai, ga kasala, ga zaryar asibiti na wata 3 zuwa 6. Yarinyar ta riga ta san akwai abu. Abin da ba ta sani ba shi ne mene ne, kuma yaro in aka bar masa gurbi, da abin da ya fi muni yake cike shi. Shekarunta ma sun sa abin ya fi nauyi. Tsakanin shekara 5 da 7 ne yawancin yara suke gane cewa wanda ya mutu ba ya dawowa. Kuma binciken da masanin halayyar ɗan Adam David Brodzinsky da abokan aikinsa suka yi a shekarun 1980 ya nuna cewa ƙaramin yaro yana iya maimaita labarin riƙonsa kamar karatu ba tare da ya fahimce shi ba, sai wajen shekara 6 zuwa 7 yake fara gane cewa kafin a same shi, sai da ya rasa wasu. Abubuwa biyun nan sun haɗu mata a shekara ɗaya da ciwon uwarta.

Uwa da uba ne za su gaya mata, tare, a gida, a ranar da jikin uwar yake da dama. Ba dogon bayani ake so ba. A faɗi sunan ciwon, domin in aka ce "Mama ba ta da lafiya" kawai, ran da ita ma ta yi zazzaɓi za ta ɗauka gashinta zai zube. A ce mata maganin yana da ƙarfi, zai sa Mama gajiya da zubar gashi, kuma gashin zai dawo. A ce mata ba a ɗaukar wannan ciwon, ta rungumi uwarta yadda ta saba. A ce mata ba abin da ta yi, ko ta faɗa, ko ta raya a ranta da ya jawo shi. Wannan na ƙarshen a maimaita shi sau da yawa. Na taɓa zama da wani yaro ɗan shekara 8 da ya yi wata biyu ba ya cin abincin kirki, sai da ƙyar ya faɗa mini cewa uwarsa ta farko ta mutu, ta biyu ta kwanta, don haka shi ne yake sa wa iyaye mata ciwo. Babu babban da ya taɓa faɗa masa haka. Shi kaɗai ya haɗa lissafinsa, kuma a gidan ba wanda ya yi zaton akwai abin warwarewa.

Tana iya tambaya, "Mama, za ki mutu?" Kada a ce mata "har abada ba zan mutu ba", kada kuma a ce ta yi shiru. Uwar tana iya cewa: "Ciwon babba ne, wasu yana kashe su, da yawa kuma suna warkewa. Likitoci suna yi mini magani don in warke, ni ma abin da nake sa rai ke nan. In wani abu ya canja, ni da Babanki za mu gaya miki, ba za ki ji a bakin wani ba." Akwai kuma tambayar da ba za ta yi ba, wadda ita ce take hana ta barci: za a mayar da ni? Wannan a amsa mata ko ba ta tambaya ba. Uban ne ya fi dacewa ya faɗa, da bakinsa, yana kallonta: nan ne gidanki, ni ne babanki, ko Mama tana asibiti ko tana gida ba inda za ki.

Yadda za ki shawo kan mijin kuwa, kada ki tare shi da wa'azi. Ki yi maganar da aminiyarki, ita ta ɗauke ta zuwa gare shi, ko su tambayi likitan ko ma'aikaciyar jinyar da ke kula da ita a gabansa. Maza da yawa da suka ƙi jin ta bakin ƙawar matarsu suna karɓar magana ɗaya tak daga likita.

Yanzu taimakon da zai yi amfani. Ki daina cewa "in kina buƙatar wani abu ki faɗa mini". Marar lafiya ba ta da ƙarfin tsara wa mutane aiki, kuma uwar riƙo takan fi kowa jin nauyin roƙo, saboda ta yi shekaru tana nuna wa duniya cewa ta isa uwa. Ki zaɓi abu ki riƙe shi: ni zan riƙa ɗauko yara daga makaranta ran Talata da Alhamis, ni zan raka ki ƙarin magani, ni zan kwashi wanki. Ki tambayi jadawalin maganinta, don kemo zagaye yake yi, sau da yawa duk bayan sati 3, wani tsarin kuma duk sati 2 ko duk sati. Kwanakin farko bayan ƙari su ne na tashin zuciya da kasala, nan ake son mai girki da mai kula da yarinya. Daga wajen kwana 7 zuwa 14 fararen ƙwayoyin jini sukan yi ƙasa, garkuwar jiki ta raunana. A wannan tsakanin, in ɗanki yana mura ko tari ko gudawa, ku zauna a gida, in kuma ƙarambau ko ƙyanda ta ɓulla a ajin yaran, a sanar da likitanta a ranar. Ki tabbata akwai ma'aunin zafin jiki a gidan. In zafin jikinta ya kai digiri 38, asibiti za a tafi a lokacin, ko tsakar dare ne, ba a jira gari ya waye, ba a kuma shan maganin zazzaɓi a kwanta. Ki sa wannan a ranki, domin wata rana ke kaɗai za ki kasance tare da ita.

Duk abin da za ki yi, ki bar wa uwar abin da yake nata. Ke ki yi wanki da shara da zirga-zirga, ita ta yi wa 'yarta tatsuniyar dare ko da a kwance ne, ta duba mata aikin makaranta, ta taje mata kai in hannu ya yarda. Na sha ganin masu taimako sun juya abin: sun karɓe yaro da wasa da hira, sun bar majinyaciya da kallon rufi. In yarinyar ta zo miki da kuka ko da wani abin murna, ki saurare ta, sannan ki ce "zo mu je mu gaya wa Mama".

Masu dubiya za su yi yawa a watan farko, su ragu a na biyu, a na huɗu sai ki ƙirga su da yatsu. Ki adana ƙarfinki don wancan lokacin. Bayan kemo sau da yawa akwai tiyata ko gasa wurin ciwon da hasken na'ura, wasu kuma a ɗora su a kan ƙwaya irin tamoxifen na shekara 5 zuwa 10. Mata da yawa sun faɗa mini cewa ranar da aka ce an gama magani, kowa ya watse da murna, ita ce ranar da tsoro ya fara kama su da gaske.

Cikin masu dubiyar nan za a samu masu sakin baki. Ciwo yana tono abin da dangi suka binne tun ranar da aka kawo yarinya. Za ki ji "ai da ma ba ita ta haife ta ba", za ki ji "a nemi danginta mana tun da wuri", wani lokaci a gaban yarinyar. Nan amincinku yake da ranar da babu wanda zai maye gurbinsa. H. David Kirk, masanin zamantakewa a Kanada wanda shi ma uban riƙo ne, ya rubuta a 1964 cewa iyalan da suka yarda riƙo yana da nasa bambancin da haihuwa sun fi iya magana da 'ya'yansu a kan iyalan da suke yi kamar babu wani bambanci. Ke ba sai an yi miki bayanin bambancin nan ba, kina cikinsa. Aminiyarki tana ɗauke da wani nauyin da ba za ta iya sauke wa mijinta ko 'yan'uwanta ba: na ɗauko yarinya don in zame mata uwa, ga shi zan sake mayar da ita marainiya. Wataƙila ma da na bar ta da wata ta ɗauke ta mai lafiya. In ta faɗi haka, kada ki yi saurin toshe mata baki da "haba, daina faɗa". Ki bar ta ta kai aya. Ki kuma sani cewa kemo yana iya tsayar da al'ada kafin lokacinta, kuma ga macen da ta sha zaryar asibiti tana neman haihuwa, wannan yana fama tsohon miki ko da ta daɗe da haƙura. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma wannan ko cikin mata ba kowa zai gane shi ba.

Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Susan Silk, wadda ita ma ta yi jinyar sankarar mama, ta fitar da wata ƙa'ida mai sauƙi tare da Barry Goldman a 2013. Marar lafiya tana tsakiya, mijinta da 'yarta a zagaye na farko, sai makusanta irinki, sai sauran jama'a. Lallashi ciki yake shiga, kuka da ƙorafi waje suke fita. Ke ma za ki ji tsoro, za ki gaji, wata rana ma za ki ji haushi. Ki kai wa wanda ya fi ki nisa da abin, kada ki kai mata, kada ki kai wa mijinta. Shi ma mijin a riƙa tambayarsa ya yake, don mai jinya yakan rame ba wanda ya lura.

Akwai maganar da kowa yake gudu, kuma ke ce kika fi dacewa ki ɗaga ta, tunda kin bi hanyar da kanki: takardu. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Riƙo iri-iri ne a idon doka. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 20, ta ambaci reno na wucin gadi, da kafala ta shari'ar Musulunci, da ɗaukar yaro ya zama ɗa a doka, kuma kowace ƙasa da yadda ta tsara nata. Su duba takardar kotun da ke hannunsu: sunan wa ke ciki, ita kaɗai ko su biyu? In babu takarda sam, amana ce kawai aka yi da baki, to yau ne ranar ganin lauya, tun tana da ƙarfin zuwa da sa hannu. Su rubuta wanda suke so ya riƙe yarinyar in dukansu biyu ba sa nan, su kuma gaya wa dangi tun yanzu. In Musulmi ne, 'yar riƙo ba ta cikin masu gado, hanyarta wasiyya ce wadda ba ta wuce sulusin dukiya, ko kyautar da aka yi aka damƙa tun ana raye. Malaman fiƙihu kuma suna lissafa kyautar da aka yi a ciwon ajali cikin sulusin nan, don haka wanda yake da niyya kada ya jinkirta, ya tambayi malami da lauya tare. In suna tunanin ke ce za ki riƙe ta, kada ki amsa don kunya ko don hawaye. Ki yi shawara da mijinki, ki auna gidanki, ki ba da amsar da za ki iya tsayawa a kanta shekara goma.

Wani ɗan abu a gefe, tunda yara sukan tambaya in sun girma kaɗan. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na sankarar mama ne ake gado ta jini, kuma ko da na aminiyarki yana cikinsu, bai shafi yarinyar ba. Abin da ya shafe ta shi ne tarihin lafiyar dangin da suka haife ta. In akwai wanda ya san abin da ya yi ajalin mahaifiyarta, a tambaya a rubuta a ajiye, don likita zai tambaye ta wata rana.

Kada kuma ki bari amincin ya koma jinya zalla. Kafin ciwon nan kuna da hirarku, kuna dariyar rigimar yaranku, kuna gulmar masu tambayar "ina iyayensa na gaskiya". Ki ci gaba da kawo mata wannan. Ki nemi shawararta a kan ɗanki kamar da, ki bar ta ta yi miki faɗa in kin yi ba daidai ba. Mutumin da kullum shi ake yi wa, ba ya yi wa kowa, yakan fara jin kansa kaya.

Fitsarin kwancen kuwa, kada a yi mata faɗa ko gori, a shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanen gado a wuce wurin. A kai ta a duba fitsarin sau ɗaya don a tabbata ba ciwon mara ba ne, musamman in tana jin zafi ko tana yawan shan ruwa. Sau da yawa yakan ragu bayan an yi mata bayani ta ga kwanaki suna tafiya yadda aka faɗa mata. A sanar da malamar ajinta abin da ake ciki. In an yi sati huɗu zuwa shida abin yana ƙaruwa, ko ta daina ci, ko ta ƙi makaranta, ko ta fara cewa gara ita ta mutu, a nemi mai ba yara shawara wanda ya san sha'anin riƙo.

Ban manta da ɗanki ba, ko da yake ba ki tambaye ni game da shi ba. Shekararsa 9, shi ma riƙo ne, kuma yana kallon duk abin nan: uwar ƙawarsa ta kwanta, an fara zancen inda za a kai ƙawar. Lissafin da yarinyar take yi, shi ma yana yi da sunanki a ciki. Ki same shi a daren nan ko gobe, ku biyu, ki gaya masa abin da ke damun uwar ƙawarsa da sunansa, ki gaya masa ƙawarsa tana nan a gidansu ba inda za ta. Sannan ki yi shiru ki ba shi lokaci. In ya tambaye ki wa zai riƙe shi in ke kika kwanta, ya kamata a ce kina da suna a bakinki, kuma mai sunan ya riga ya sani.